Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Midil Da Ya Kai Nijeriya Zauren Duniya

Daga Wakilinmu na Arewa, Bauci

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, yau tarihin da za mu kawo muku na mutumin da kowa ya san sunansa ne, amma ba kowa ya san aikinsa ba. Mazaunin Ikko ya san dandalin nan da ake kira da sunan Tafawa Ɓalewa, kuma duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira biyar ya ga fuskarsa, ko da yake yanzu takardar ko ruwan leda ba ta saye. To amma in gardama ta tashi a tasha ko a kasuwa, sau da yawa akan ji wani ya ce ai Firayim Ministanmu na farko ɗan amshin shatan Turawa ne, ko kuwa yaron Sardauna ne da aka aika Ikko riƙon ƙwarya. Yaranmu da aka haifa a Kudu sai su yi shiru, don ba su da abin cewa. Ga yadda al'amarin ya gudana, ku auna da kanku.

An haifi Abubakar cikin Disamba 1912 a ƙasar Bauci, kuma sunan garinsu, Tafawa Ɓalewa, shi ne ya bi shi. Ba ɗan sarauta ba ne. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, bara ne a gidan hakimin ƙasar Lere. Bayan karatun allo da elementare ya zo makarantar lardi a nan birnin Bauci, sa'an nan cikin 1928 ya wuce Kwalejin Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Raba, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato. Cikin 1933 ya komo Midil ta Bauci yana koyar da Turanci, har ya kai ga zama hedimasta. A farkon shekarun nan ne ya rubuta littafin Shaihu Umar, wanda aka buga cikin 1934. Abin lura a nan shi ne, labarin littafin ya tashi daga ƙasar Hausa, ya bi ayarin bayi, ya ƙetare Sahara. Watau tun yana saurayi hankalinsa ya wuce ganuwar garinsu.

Bauci ta wancan zamani ba wurin barci ba ce. Malam Aminu Kano yana koyarwa a Midil ɗin, Malam Sa'adu Zungur kuma yana gari, ga kuma ƙungiyar tattaunawa da aka kafa cikin 1943, inda malamai da ma'aikatan En'e ke zama su yi muhawara, har hukuma ta rufe ta sa'ad da tambayoyi suka fara taɓa sarauta. A cikin mutanen nan uku Abubakar ne mai sanyi. Ba ya ɗaga murya, ba ya yanke hukunci da gaggawa, ba ya kuma son a rushe gida kafin a san inda za a kwana. Wannan hali da aka san shi da shi a zauren Bauci, shi ne dai ya ɗauka ya kai zauren duniya, da amfaninsa da illarsa.

Ya yi karatun aikin malanta a Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, ya dawo ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa, cikin 1947 kuma ya shiga Majalisar Dokoki ta Ikko. A lokacin nan bai yarda Nijeriya ƙasa ɗaya ce ba, yana ganin haɗin Turawa ne kurum, kuma bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya zama Ministan Ayyuka cikin 1952, daga baya Ministan Sufuri. Cikin 1955 ya je Amurka duba yadda ake sufuri a Kogin Misisifi, don a yi koyi a Kwara da Binuwai. Can ne ya ga mutane masu asali dabam-dabam sun haɗu sun zama al'umma ɗaya, ya dawo da ra'ayin cewa mu ma za mu iya. Cikin 1957 ya zama Firayim Minista. Ran 1 ga Oktoba 1960 ya karɓi takardun mulkin kai daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Ikko, watau filin nan da ke ɗauke da sunansa yau.

KWANA SHIDA DA MULKIN KAI

Ran 7 ga Oktoba 1960 aka karɓi Nijeriya cikin Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ƙasa ta 99. Taron shekaran nan ya tara manya: Khrushchev na Rasha, Nehru na Indiya, Nasser na Masar, Castro na Kyuba, Nkrumah na Gana. Sa Abubakar, wanda a lokacin shi ne kuma ke riƙe da Ma'aikatar Harkokin Waje, ya tsaya ya bayyana inda Nijeriya ta dosa. Za ta yi zumunci da kowace ƙasa. Ba ta da kwaɗayin ko taƙi ɗaya na ƙasar maƙwabta, ko da yake ta fi su yawan jama'a nesa ba kusa ba. Ba za ta ɗaura wa kanta bin Gabas ko Yamma ido rufe ba. Za ta kuma taimaki sauran ƙasashen Afirka su sami 'yanci.

Amma mafi yawan jawabin a kan Kwango ya tsaya. Wannan ƙasa ta sami mulkin kai daga Beljiyam ran 30 ga Yuni 1960, ba a yi mako guda ba sojojinta suka yi bore, Beljiyam ta mai da nata sojojin, Moise Tshombe kuma ya ɓalle da lardin Katanga mai arzikin tagulla. Shugaban ƙasa Kasavubu da Firayim Minista Lumumba suka saɓa, Amurka da Rasha kowa ya kama ɓangarensa. Shugabanni da yawa sun hau mumbarin nan sun zagi wanda suke zagi. Shi kuwa mutumin Bauci sai ya duba abin da idon malamin makaranta. Ƙasa ce mai girma ƙwarai wadda Turawanta suka bar ta da 'yan ƙasa masu digiri da ba su kai 30 ba, to ina za ta sami masu riƙe ofis? Ya nemi a aika wakilai su binciko gaskiyar rikicin tukuna, ya kuma ba da shawara ƙasashen Afirka su buɗe wa yaran Kwango ƙofofin makarantunsu na sakandare da na sana'a.

Magana ba ta tsaya a baki ba. Aka zaɓi Jaja Wachuku, wakilin Nijeriya, ya shugabanci hukumar sulhu da Majalisar ta kafa don Kwango. Cikin Nuwamba 1960 bataliya ta 5 ta sojan Nijeriya ta tashi ƙarƙashin Laftanar Kanar Aguiyi-Ironsi, 'yan sanda kuma suka bi baya. Ƙasar da ba ta cika wata biyu da 'yanci ba, ga ta tana tsaron zaman lafiya a ƙasar wasu. Sojojinmu sun yi aiki a Kivu da Kasai da arewacin Katanga da babban birnin, Leopoldville, wanda ake kira Kinshasa yanzu. A garin Bukavu sun ceto ma'aikatan asibiti 'yan ƙasar Ostiriya da sojojin Kwango suka tsare.

Gwaji na gaske ya zo ne bayan an kashe Lumumba ran 17 ga Janairu 1961. Ran Afirka duka ya ɓaci, har a Ikko an yi zanga-zanga an jefi ofisoshin jakadun Turawa. Ƙasashe irin su Gini da Masar da Maroko suka janye sojojinsu, suna cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ci amana. Aka matsa wa Sa Abubakar shi ma ya janye, ya ƙi. Hujjarsa ita ce, in kowa ya kwashe nasa ya tafi, to an bar Kwango ke nan a hannun sojojin haya da manyan ƙasashe. Sojojin Nijeriya suka zauna har ƙarshen aikin cikin Yuni 1964, kuma a watanni shida na ƙarshe Ironsi ne, yana Manjo Janar, ke shugabancin rundunar Majalisar gaba ɗaya, rundunar da a wani lokaci ta kai mutum kusan 20,000. 'Yan sandanmu ma sun daɗe fiye da haka suna horar da na Kwango. Ku riƙe sunayen waɗansu hafsoshi da suka yi aiki can: Yakubu Gowon, Murtala Muhammed, Olusegun Obasanjo, Adekunle Fajuyi, da wani saurayi haifaffen Kaduna, Chukwuma Nzeogwu.

SHIN YARON TURAWA NE?

Masu wannan zargi suna da abin kamawa, kada mu ɓoye. Gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila daf da samun mulkin kai, wadda ta ba jiragen yaƙin Ingila izinin ratsa sararinmu. Ɗaliban Jami'ar Badun da 'yan hamayya suka tashi tsaye, har suka kutsa harabar Majalisa a Ikko, dole aka soke ta cikin Janairu 1962. Ya yi ɗari-ɗari da Rasha, bai kuma je taron 'yan ba-ruwanmu na farko da aka yi a Belgrade cikin 1961 ba, sai a na Alƙahira cikin 1964 Nijeriya ta shiga. A ƙarshen 1964 kuma, da sojojin laima na Beljiyam suka dira Stanleyville cikin jiragen Amurka, ƙasashen Afirka da dama sun kai ƙara Kwamitin Sulhu, amma Wachuku ya tashi ya kāre gwamnatin Tshombe. Wannan ya zubar mana da mutunci wurin 'yan'uwa da yawa, kuma a ganina da an yi shiru da ya fi.

To amma a ɗaya hannun fa? Cikin Disamba 1960 Faransa ta gwada bam ɗin atom karo na uku a hamadar Aljeriya, bayan an yi ta roƙonta ta bari. Mu da iskar hunturu ke kawo mana ƙurar Sahara har cikin ɗaki mun san abin tsoro ne. Ran 5 ga Janairu 1961 gwamnatin Sa Abubakar ta kori jakadan Faransa daga Ikko, ta hana jiragen ruwa da na sama na Faransa tsayawa a tashoshinmu. Ba wata ƙasar Afirka da ta yi haka. Bayan 'yan watanni aka ɗage hanin jiragen saboda kukan maƙwabta irin su Nijar da Cadi, waɗanda kayansu ta ƙasarmu suke bi, amma huldar jakadanci ta yi shekara kusan biyar a yanke.

Cikin Maris 1961 kuma, a taron Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila a Landan, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata cewa ba za a zauna inuwa ɗaya da gwamnatin wariyar launin fata ba, shekara guda bayan 'yan sanda sun harbe baƙaƙe 69 a Sharpeville. Firayim Minista Verwoerd ya ga ba dama, ya janye Afirka ta Kudu daga ƙungiyar.

Maganar Sardauna kuwa, gaskiya ne shi ne shugaban jam'iyyar NPC, Sa Abubakar mataimakinsa. Amma a harkar waje kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sardauna ya ƙi Isra'ila ƙiri-ƙiri, ya ce Jihar Arewa ba ta son rancenta. Firayim Minista kuwa, yana Alhaji, ya bar ofishin jakadancin Isra'ila a Ikko, gwamnatin tarayya ta karɓi rancen, don a ganinsa ƙasa mai Musulmi da Kirista ba ta ɗaukar ɓangare a rigimar da ba tata ba. Ko mutum ya yarda da wannan ko bai yarda ba, ba aikin ɗan aike ba ne. Haka kuma ya sa abokin hamayyarsa, tsohon abokin aikinsa na Midil ta Bauci, Malam Aminu Kano, cikin wakilan Nijeriya zuwa Majalisar Ɗinkin Duniya.

SHI DA NKRUMAH

A 1961 Afirka ta rabu biyu. Akwai rukunin Kasabalanka, su Gana da Gini da Mali da Masar da Maroko, masu zafi. Akwai kuma rukunin Monrobiya da ya fi yawa, wanda Nijeriya ce ƙashin bayansa, ya kuma sake zama a Ikko cikin Janairu 1962. Nkrumah yana son a kafa gwamnati ɗaya ta Afirka nan take, da soja ɗaya da kuɗi ɗaya. Sa Abubakar yana ganin wanda bai iya rarrafe ba ba ya gudu. A fara da hanyoyi da waya da ciniki da makarantu, kowace ƙasa komai ƙanƙantarta a ɗauke ta daidai da babba, kada kuma wata ta sa hannu cikin harkar gidan wata. Da shugabanni suka taru a Adis Ababa, a ƙasar Habasha, suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka ran 25 ga Mayu 1963, tsarin da aka sa wa hannu ya fi kusa da nasa ra'ayin, kuma Babban Lauyan Gwamnatinsa, Dokta Taslim Elias, yana cikin masu rubuta shi.

Har gobe ana gardamar wane ne mai gaskiya cikinsu. Ƙa'idar nan ta kada a sa baki ta zama laima ga azzalumai irin su Idi Amin, shi ya sa Tarayyar Afirka da ta gaji ƙungiyar cikin 2002 ta sassauta ta. Amma wanda ya san cewa a lokacin nan Gana na ba 'yan tawayen ƙasashen maƙwabta mafaka, har da 'yan Sawaba na Nijar, waɗanda ɗayansu ya jefa gurneti kusa da Shugaba Diori Hamani a filin Idi cikin Afril 1965, zai gane abin da ƙananan ƙasashe ke tsoro. Duk da haka, da waɗansu suka ƙaurace wa taron ƙoli na Akara cikin Oktoba 1965, Sa Abubakar ya yi ƙoƙarin sasantawa, shi kansa kuma ya halarta.

Cikin Janairu 1964 sojojin Tanganyika suka yi bore, Shugaba Nyerere ya kira sojojin Ingila suka kwantar da shi, amma abin kunya ne ƙasa mai 'yanci ta zauna ƙarƙashin bindigar tsohon ubangida. Nijeriya ce ta aika bataliya ta 3 ƙarƙashin Laftanar Kanar James Pam, mutumin Jos, ta karɓi aikin har aka kafa sabon soja. A shekaran nan kuma aka kafa Hukumar Tafkin Cadi tare da Nijar da Cadi da Kamaru. Duk inda sojan Nijeriya ya je tsaron zaman lafiya daga baya, Labanan cikin 1978, Cadi cikin 1981, Laberiya cikin 1990, Saliyo, Darfur, kan hanyar da aka share a shekarun nan ya bi. Cikin Janairu 1966 Nijeriya ta hau kujerar Kwamitin Sulhu karo na farko, ta kuma sake hawanta sau huɗu bayan haka.

WUTA A GIDA

Ran 11 ga Nuwamba 1965 Ian Smith ya yi shelar cewa Turawa 'yan tsiraru na Rodeshiya sun ɓalle daga Ingila, za su ci gaba da mulkin baƙaƙe. Ministocin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka yanke shawarar a yanke hulɗa da Ingila in ba ta murƙushe shi ba kafin 15 ga Disamba. Ƙasashe tara suka cika, ciki har da Gana da Tanzaniya. Sa Abubakar ya ƙi, yana ganin in an juya wa Ingila baya ba wanda zai tilasta mata ɗaukar nauyin da ke kanta. Ya tashi ya je Landan da kansa, ya kira taron shugabannin Ƙasashe Renon Ingila a Ikko. Aka zauna ran 11 da 12 ga Janairu 1966 a otal ɗin Federal Palace, shi ne shugaban taro, kuma wannan ne karo na farko da aka yi irin taron nan a wajen Landan. Harold Wilson na Ingila ya tabbatar wa taron cewa takunkumin ciniki zai kayar da Smith cikin 'yan makonni. Ƙungiyar ta tsira daga wargajewa, amma Rodeshiya ba ta zama Zimbabuwe ba sai 1980.

A nan ne fa alƙalami ke nauyi. Sa'ad da baƙin nan ke sauka a filin jirgin sama na Ikeja, Jihar Yamma tana ci da wuta. Tun zaɓen Oktoba 1965, wanda aka tafka maguɗi a cikinsa don Cif Akintola ya zauna, ake ƙona gidaje da motoci da mutane, har zuwa gefen Ikko. Dattawan Sabo a Badun da na Shagamu, in da sauransu, sun san abin da Hausawa mazauna can suka gani. Cif Awolowo yana kurkuku tun 1963, rigimar ƙidaya da zaɓen 1964 ba su warke ba, an kuma aika soja ƙasar Tibi. Mutumin da ya sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma cikin 1962 kan rikicin da bai kai wannan ba, yanzu ya ƙi sa ta, alhali Akintola abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne. Haƙurin nan da jinkirin da suka yi masa rana a Kwango da Adis Ababa, a gida sun zama sakaci, kuma masoyinsa na gaskiya ba zai musa ba.

Kwana uku bayan an tashi taron, da asubahin Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Emmanuel Ifeajuna suka shiga gidansa a Ikko suka tafi da shi. A daren nan Nzeogwu ya kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Akintola a Badun, aka kashe Ministan Kuɗi Okotie-Eboh, da Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Muhammad, da Laftanar Kanar Abogo Largema, da James Pam ɗin nan da ya riƙe Tanganyika. Ironsi na Kwango ya karɓi mulki. Bayan kwana shida aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kawo ta Bauci aka binne ana shirin ƙaramar Salla. Yana da shekara 53.

Cikin 1979 aka buɗe ginin da aka yi a kan kabarinsa a nan birnin Bauci, jami'ar tarayya da ke garin kuma aka sa mata sunansa cikin 1988. Wanda ya zo gida hutun Salla yana iya kai yaransa. Akan bi ta wani lungu mai duhu, haske na ƙaruwa kaɗan-kaɗan, har a fito wani fili marar rufi inda kabarin yake, ba ado. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye 'yan kayansa da hotunansa da jawabansa, inda mutum zai ji muryar nan da Turawa suka yi wa laƙabi da muryar zinariya ta Afirka. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, amin.